Hannun Mai Fito

Ranar Asabar muka taru a ajin makaranta,
manya a kan kujerun yara, gwiwa har haɓa.
Ruwa na dukan kwano kamar mai bin tsohon bashi.
Mu saba'in da uku ne a tsibirin nan
in an ƙirga jaririn Nélida.
Arba'in da ɗaya suka zo.
Saura na tonon dankali, ko ƙafa ta ƙi.

Matar da gunduma ta turo ta shimfiɗa takarda:
ɗaki biyu, gado ɗaya,
firjin magani mai aiki da hasken rana.
Aka tuntsire. Rana? A nan?
Ita ma ta murmusa, ta goge tabarau da bakin riga.

Eulogio Nahuelquín ya miƙe, hula na kansa.
Ya ce, "Bango ba ya allura.
Kun tuna gidan wayar da aka gina mana?
Yau tumakina ke karɓar wasiƙa a ciki.
A gyara katakon tasha da ya ruɓe,
a sayo inji mai gudu.
Wane likita zai zauna
inda kifi ya fi mutane labari?"

Tsohuwa Herminia ba ta tashi ba,
ita da ta yanke cibiyar rabin ɗakin.
Hannuwanta kawai ta ɗaga, suna rawa.
"Zare ya daina shiga mini allura.
Ina so in bar wani a baya,
ko baƙo ne da zai yamutsa fuska
in an ba shi miyar ciyawar teku."

Daga nan rigima ta koma kan fili.
Samari suka ce filin ƙwallo sai dai bayan ransu.
Mutanen arewa suka ce arewa,
na kudu suka ce tun kaka ake cin zalinsu.
Baldovino ya ba da gefen gonarsa,
sai ya tuna itatuwan tufa na mahaifinsa,
ya janye rabi.

Ni ban ce uffan ba.
Ni ne mai fito.
Awa biyu da rabi zuwa Achao in teku na barci,
in ta farka kuwa, sai yadda hali ya yi.
Rabin tukunyata a kan marasa lafiya take tafasa,
kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa.
Eulogio ya dube ni ya gyaɗa kai:
ya riga ya zuba ni a buhunsa.

Shekara bakwai ke nan, daren hunturu a watan Yuni.
Griselda numfashinta na fita kamar ta tsinken ciyawa,
duk da haka ita ta riƙe mini fitila,
don hannuna biyu na kan inji.
Daidai dutsen da tsuntsaye ke kwana
hasken ya karkata, ya faɗa kan ragar kifi.
Ban juya ba. Ina zan juya?
Na kai ta har gari.
Suka ba ni shayi da takarda mai hatimi.

Aka ce a ɗaga hannu.
Ashirin nan, ashirin can.
Malamin makaranta ya sake ƙirgawa da alli,
sai ɗakin ya waiwayo gaba ɗaya.

Wataƙila Eulogio ne mai gaskiya.
Wataƙila tumaki ne za su kwanta a gadon.
Hannuna na warin man inji,
yana da nauyin anga.
Na ɗaga shi.

A waje ruwa bai tsagaita ba.
Eulogio ya biyo ni tasha, yana tsallake ruɓaɓɓen katako.
Ya ce yana da buhun ulu huɗu ranar Litinin.
Na ce kuɗi na nan yadda ya sani.
Ya ce, "Gara ka ƙara, wawa. Me za ka ci?"
Ya sunkuya ya kwance mini igiya.

Har yau ba a tsai da fili ba.